Mu da iya kwamfuta: tsakanin faɗa da cikawa

Duk wanda ya taɓa zama cikin kwamitin ɗaukar ma'aikata a Abuja, na ma'aikatar gwamnati ne ko na wata ƙungiya mai ofis a Wuse 2 ko Maitama, ya san wani layi da ba ya ɓacewa daga takardun masu neman aiki. Can ƙasan CV, bayan an jera makarantu da shekarar da aka yi bautar ƙasa, sai a rubuta cewa mai takardar ya ƙware a Word da Excel da PowerPoint. 'Yan kwamiti ba sa tsayawa a kan layin, balle su yi tambaya. Sau da yawa ma ba mai takardar ne ya tsara shi ba, yaron da ya buga masa ita a shagunan buga takardu na Area 10 ne ya kwafo daga ta wanda ya zo kafinsa. Amma ka tsayar da mai neman aikin ka tambaye shi, zai dube ka ido cikin ido ya ce ya iya, kuma har ga Allah bai ɗauka ƙarya yake yi ba. Maƙaryaci dai ya san abin da ya rage masa, yana iya zagayawa ya koya a ɓoye kafin asirinsa ya tonu. Wanda ya yarda har zuci cewa ya iya kuwa, me zai kai shi neman malami?

An auna wannan tazara, tsakanin abin da mutum ke zaton ya iya da abin da hannunsa zai iya yi, a ƙasashe da dama, kuma kusan ko'ina labarin ɗaya ne. A Ostiriya an sa mutane su auna kansu da kansu, sannan aka zaunar da su gaban na'ura. Kashi 94 cikin 100 sun ce iyawarsu tana tsakanin matsakaiciya zuwa mai kyau sosai. Da aka duba aikin da suka yi, kashi 39 ne kawai suka kai inda suka ajiye kansu. An yi makamancin gwajin a Suwizalan da Jamus da Denmak da Finlan, nan ma aka tarar mutane suna ɗora kansu sama da matsayinsu.

Ƙungiyar OECD, wadda galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, ta yi nata binciken tsakanin 2011 da 2015, a kan mutum sama da 200,000 a ƙasashe 33, 'yan shekara 16 zuwa 65. Aiki aka ba su a hannu, irin su rarraba saƙonnin imel, ko tsamo wani bayani daga jadawali, ko tsara lokutan taro. Kashi 5 cikin 100 ne kacal suka kai mataki na sama, inda mutum zai iya ratsa manhaja fiye da ɗaya ya warware matsalar da ba a shimfiɗa masa hanyarta ba. Kusan kashi 26 ba su ma kai ga yin gwajin a kan kwamfuta ba: wasu ba su taɓa amfani da ita ba, wasu sun faɗi tun a gwajin share fage, wasu suka ce a ba su takarda da biro. Yawancin waɗannan ƙasashe fa wuta ba ta ɗaukewa a cikinsu, yaro yana tashi ya tarar da kwamfuta a gida, ya je makaranta ya tarar da wata.

A nan gida, gwajin minti 20 ya isa ya nuna maka abin da idonka. Ka ba mai neman aiki kwamfuta da fayil ɗin Excel mai sunaye 40, kowane suna da lambar asusun banki da kuɗin alawus, ka ce ya fitar da jimilla, ya jera sunayen daga A zuwa Z, ya turo maka fayil ɗin ta imel. Sai ka ja gefe ka yi shiru. Abin da za ka fara gani a wurin da yawa shi ne hannu ya tafi aljihu. Zai zaro waya ya buɗe kalkuleta, ya ɗora ɗan yatsa a kan allon kwamfutar don kada layi ya ɓace masa, ya riƙa tara kuɗin ɗaya bayan ɗaya, sannan ya buga amsar da hannu a gidan ƙarshe. Jimillar tana iya fitowa daidai. Sai ka matso ka canza alawus ɗin mutum ɗaya daga 25,000 zuwa 52,000, ka ce, "To malam, nawa ke nan yanzu?" Lambar da ke ƙasa ba za ta motsa ba, tunda ba lissafi aka ɗora a wurin ba, rubutu ne. A nan za ka ga fuska ta canza. Wani ya yi shiru, wani ya ce, "Yallaɓai, ai wannan Excel ɗin ba irin wanda na saba da shi ba ne."

Wajen jera sunaye abin ya fi haɗari. In ya zaɓi layin sunayen kaɗai, Excel yakan fito da ɗan akwatin gargaɗi, amma da Turanci ne, kuma mun saba da danne irin akwatin nan kafin mu karanta. Ya kuskura ya zaɓi amsar da ba ita ba, sunaye za su jeru tsaf, lambobin asusu da kuɗi su tsaya inda suke, alawus ɗin darakta ya koma gaban sunan masinja. Ga kuma lambar asusun kanta. Lambobin asusun banki a Najeriya guda 10 ne, da yawa daga cikinsu da sifili suke farawa, kamar yadda lambar waya ke farawa da sifili. Ka buga su a Excel ba tare da ka gaya masa ya ɗauke su a matsayin rubutu ba, zai haɗiye sifilin, lamba 10 ta koma 9. Sai takarda ta isa banki a dawo da ita, ma'aikata su yi ta zagin banki da akanta, alhali wanda ya shirya takardar yana zaune yana taya su mita.

Abin lura a duk kuskuren nan uku shi ne kwamfutar ba ta yi ƙara ba, ba ta tsaya ba, ba ta nuna jar alama mai tayar da hankali ba. Jadawalin ya fito fes, an buga shi a firinta, ya yi kyau a ido. Tela in ya ɓata ɗinki, mai riga zai dawo masa da ita a ranar. Kafinta in ƙofarsa ta ƙi rufuwa, kowa ya gani. Kuskuren kwamfuta kuwa yakan bar hannun mai shi, ya je ya fashe a teburin wani bayan mako biyu, lokacin da babu mai iya bin sawunsa.

Masana halayyar ɗan Adam suna da bayani a kan wannan, sunayen da aka fi ambata kuma su ne David Dunning da Justin Kruger na Jami'ar Cornell a Amurka. A 1999 sun gwada ɗalibai a nahawun Turanci da mantiƙi (ilimin kafa hujja) da gane barkwanci, suka ce kowa ya faɗi inda yake jin ya tsaya a cikin sa'o'insa. Waɗanda suka fi rauni, da za a jera mutum 100 daga ƙasa zuwa sama, suna wajen na 12 ne, amma su a ganinsu suna wajen na 62. Hujjar masanan biyu ita ce, ilimin da ake buƙata a yi abu daidai shi ne dai wanda ake buƙata a gane an yi shi ba daidai ba. Wanda bai san Excel na tara lambobi da kansa ba, ina zai ga aibun tarawa da kalkuleta? Sai dai an murguɗe binciken nan a bakin jama'a har ya zama abin jifa a Facebook, kowa na liƙa wa abokin gardamarsa. Masanan ba su ce jahili ya fi masani jin kansa ba. Masu rauni sun ba kansu maki ƙasa da wanda gwanaye suka ba kansu, ko da da ɗan kaɗan ne. Abin da ya faru shi ne kusan kowa ya ajiye kansa sama da tsakiya, gwanayen ma har suka rage wa kansu. Wasu masana kuma sun nuna cewa wani ɓangare na wannan siffa dole lissafi ya fitar da ita, tunda wanda ke can ƙasa ba shi da inda zai yi kuskuren auna kansa sai sama. Saboda haka ban ɗauki bayanin nan a matsayin amsar komai ba. A wurinmu, na fi ganin tushen abin a na'urar da muka fara riƙewa, da kuma yadda muke zama da juna a wurin aiki.

Galibinmu ta waya muka shiga duniyar intanet. Tun da layukan GSM suka zo a 2001, waya ta shiga gidajen da kwamfuta ba ta taɓa leƙawa ba. Ita kuwa manhajar waya, kamfanoni sun zuba maƙudan kuɗi ne don kada mai amfani da ita ya taɓa jin ya kasa. WhatsApp da TikTok da Facebook an gina su yadda wanda bai iya karatu ba ma zai danna ya yi magana ya tura. Ba ta tambayarka inda za a ajiye fayil, ko da wane suna, ko wane iri ne. Ita ke yi maka komai a bayan fage. Mutum ya shafe awa shida kullum yana latsa, komai na tafiya yadda yake so, dole ya ji shi gwani ne. Kamar fasinjan da ke shiga mota kullum daga Mararaba zuwa Sakatariya ne: ya san kowace kwana, ya san inda ake cunkoso a Nyanya da AYA, har yana gyara wa direba hanya, amma bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ka tambayi matashin nan ina takardar da aka turo masa take, zai ce maka, "Tana cikin WhatsApp." Shafin neman aiki ya ce hoton fasfo kada ya wuce wani nauyi, ko a haɗa takardun makaranta biyar cikin PDF ɗaya, sai ka gan shi a kafe ya ja layi, kuma bai ɗauki zuwansa kafen a matsayin shaidar wani giɓi ba.

Ba raina iya waya nake yi ba. Matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakinta a Kubwa, tana ɗaukar hoto, tana amsa masu saye, tana tabbatar da kuɗi sun shigo kafin ta ba mai babur kaya, sana'a take yi ta gaske. Haka mai POS a bakin Kasuwar Wuse, haka yaran da ke yanka bidiyo a waya har ka rantse a situdiyo aka yi. Abin dai shi ne wannan gwaninta ba ta tsallakawa da kanta zuwa aikin ofis, amma ƙarfin gwiwar da ta haifar yana tsallakawa gaba ɗayansa.

Iyaye ma suna da hannu. Uba ya kasa dawo da WhatsApp ɗinsa, ɗansa ɗan shekara 13 ya karɓa ya latsa sau uku ya miƙa masa, sai ka ji ana cewa, "Ai wannan yaron injiniya ne." Yaro ya tashi yana auna kansa da mahaifinsa da kakarsa, a wannan sikeli kuwa kullum shi ne a sama. Ba mu kaɗai muka faɗa wannan zato ba. Tun 2001 wani marubuci Ba'amurke, Marc Prensky, ya yaɗa ra'ayin cewa yaran da aka haifa cikin zamanin na'ura 'yan gida ne a cikinta, manya kuwa baƙi ne. Da aka zo aunawa sai zancen ya sha bamban. A binciken ƙasa da ƙasa na ICILS na 2018 kan iya amfani da kwamfuta, wanda aka yi wa ɗalibai masu kimanin shekara 14 a ƙasashe irin su Denmak da Koriya ta Kudu da Jamus da Faransa, kashi 2 cikin 100 ne suka kai matakin ƙoli, kashi 18 kuwa ko matakin farko ba su taka ba. A 2016 masu bincike na Jami'ar Stanford sun nuna wa 'yan ƙaramar sakandare a Amurka shafin wata jarida, sama da kashi 80 suka ɗauki tallar da aka biya kuɗinta a matsayin labari, duk da an rubuta a jikinta cewa ɗaukar nauyinta aka yi.

Sai kuma ofis, inda muke da cikakken tsari na ɓoye wa babba kuskurensa. Na sha ganin irin wannan a wata ma'aikata: oga ya tura saƙo, an kira daga can an ce ba a ga takardar ba. Ya danna ƙararrawa, ɗan bautar ƙasa ya shigo da sauri. "Kofa, zo ka duba min abin nan, ya ƙi tafiya." Yaro ya leƙa, nan take ya gane ba a maƙala fayil ɗin ba, saƙon ya tafi fanko. Amma ba zai ce haka ba. Zai ce, "Ranka ya daɗe, ina jin netwok ne, bari in sake turawa." Ya ɗaga madannai ya duba kalmar sirrin da aka rubuta a 'yar takarda aka liƙa a ƙasa, ya maƙala, ya tura, ya fita yana sunkuyawa. Oga ya jingina da kujera yana tsaki a kan netwok ɗin ƙasar nan. Ladabi ne, ba na kuma cewa yaron ya yi laifi. Wa zai so ya kunyata wanda zai sa masa hannu a takardar bautar ƙasa ta kowane wata? Amma oga ya rasa damar koyon abin minti ɗaya, kuma gobe in an raba takardar tambaya a ma'aikatar, zai cika cewa yana amfani da imel kullum ba tare da matsala ba. Abin da ya sa uzurin ke karɓuwa shi ne sau da yawa gaskiya ne. Netwok yana yankewa, wuta tana ɗaukewa, kwamfutocin ofis da yawa sun tsufa. A inda na'ura ke yawan gazawa da gaske, mutum ba ya rasa inda zai rataya tasa gazawar.

Satifiket ya zo ya ƙara ɗaure abin. Yaro ya gama sakandare, kafin sakamako ya fito a sa shi makarantar kwamfuta ta wata uku ko shida a unguwa. Wasu makarantun suna aiki tsakani da Allah. Wasu kuwa mutum biyar ne a kan na'ura ɗaya, in babu man janareto a koma allo da alli: ma'anar kwamfuta, zamunanta, sunan Charles Babbage, sassan jikinta. A yi jarrabawa a takarda, a ba da difloma mai tambarin zinare, a je a yi mata leda. Ɗalibin bai yi ƙarya ba in ya ce ya yi karatun kwamfuta, takarda na hannunsa. Wa zai gaya masa cewa haddace sunan linzamin kwamfuta daban, riƙe shi daban?

Jarrabawar JAMB ta nuna fuskokin abin guda biyu a lokaci ɗaya. Hukumar, mai hedikwata a Bwari, ta fara jarrabawa a kan kwamfuta a 2013 a matsayin zaɓi, a 2015 ta mayar da ita dole ga kowa. Nan da nan aka ga yaran karkara da suka san lissafi da kimiyya sarai, amma hannunsu na rawa a kan linzami, lokaci na tafiya. Daga baya hukumar ta shigo da jarrabawar gwaji, ta kuma sauƙaƙa abin yadda ɗalibi zai iya gamawa da maɓallai 'yan kaɗan: A, B, C, D na amsa, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Wannan adalci ne, domin jarrabawar ta shiga jami'a ce, bai kamata tsoron na'ura ya kayar da mai ilimi ba. Sai dai ga ɗaya fuskar: yaro ya fito ya ci maki mai kyau, shi da iyayensa su ɗauka maganar kwamfuta ta ƙare, tunda ai a kanta ya rubuta jarrabawa. Sai ya kai aji huɗu a Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, lokacin rubuta kundin kammala digiri, ya gano bai san yadda ake sa lambar shafi ba, ya kwashi takardunsa ya kai wa mai shago.

Kada a ɗauka wannan ciwon marasa ilimi ne. A 2020, cikin tsakiyar annobar korona, hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ta zubar da sakamakon mutum 15,841 da suka kamu da cutar, tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoba, saboda an yi amfani da tsohon nau'in fayil ɗin Excel da ba ya ɗaukar fiye da layi 65,536. Abin da ya haura nan sai ya faɗi shiru, waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar ba a neme su a kan lokaci ba. Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff, manyan masana tattalin arziki, sun fitar da bincike a 2010 cewa bunƙasar ƙasa tana durƙushewa in bashinta ya haura kashi 90 cikin 100 na abin da take samarwa, 'yan siyasa a Turai da Amurka suka riƙa kafa hujja da shi wajen tsuke bakin aljihu. A 2013 wani ɗalibi, Thomas Herndon, ya karɓi fayil ɗinsu ya duba, ya tarar, cikin wasu matsalolin, cewa lissafin bai game ƙasashe biyar da ke cikin jadawalin ba. Masana ƙwayoyin halitta kuwa irin abin da ke cinye mana sifili ne ya addabe su: Excel yana ganin sunan ƙwayar gado kamar SEPT2 ko MARCH1 sai ya mayar da shi kwanan wata. Wani nazari na 2016 ya gano irin wannan ɓarna a kusan ɗaya cikin biyar na maƙalolin da aka duba, har a 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin suna ya haƙura ya canza sunayen. Duk waɗannan mutane ne da kullum suna gaban kwamfuta, kuma wannan sabo ne ya sa ba wanda ya ga dalilin a sake dubawa.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren da ba a cika magana a kansa ba, na waɗanda suka iya amma ba su yarda sun iya ba. Ka shiga Sakatariyar Tarayya ka sami tsofaffin masu buga takardu, mata da yawa a cikinsu, waɗanda suka faro daga tafireta. Hajiya tana bugu ba ta duban madannai, ta san yadda za ta fitar da wasiƙa ɗaya da sunaye 200 daban-daban ba tare da ta sake bugawa ba, ta san inda kowane fayil na shekara biyar yake. Ka ce mata, "Hajiya, ashe ke gwana ce," sai ta ce, "Wane ni, ɗan bugun takarda dai na iya, kwamfuta ai sai yaran nan." Wanda ya nutsa cikin abu shi ya san zurfinsa, shi ya sa yake taka-tsantsan da bakinsa. Bincike ma ya nuna bambancin yana bin jinsi. A 2006 Eszter Hargittai da Steven Shafer sun zaunar da maza da mata a Amurka suka ba su abubuwan da za su nemo a intanet. Iyawar ba ta bambanta sosai ba, amma matan sun ba kansu maki ƙasa da na mazan. A binciken ICILS ma 'yan mata ne suka fi samari maki a yawancin ƙasashen, samarin kuma suka fi nuna ƙarfin gwiwa a ayyukan da ake ganin na ƙwararru ne. A gidajenmu, inda aka fi miƙa wa yaro namiji laftof a ce wa ƙanwarsa kada ta taɓa ta lalata, ba abin mamaki ba ne in ta girma tana ganin tallar aiki ta wuce, shi kuwa ya cika fom ko bai cika sharaɗi ba.

'Yan damfara sun fi kowa sanin wannan lissafi. Dattijon da ke tsoron waya, in aka kira shi aka ce daga banki ne ana son lambar BVN da lambar da aka turo masa yanzu, sau da yawa kashe wayar yake yi ya ce gobe zai je bankin da ƙafarsa. Mai jin ya waye shi ke tsayawa ya warware matsalar da kansa. Haka ake ƙwace WhatsApp ɗin mutane a cikin zaurukan ƙungiyoyi: a kira ka da sunanka, a ce za a yi taron tsofaffin ɗalibai da yamma ta intanet, an turo maka lamba shida ta shiga, karanto mana. Wanda ya karanto ba baƙo ba ne a WhatsApp, shekara goma yana ciki. Bai dai taɓa buɗe wurin da ake sa matakin tsaro na biyu ba, domin bai taɓa jin yana da abin da zai koya a manhajar ba.

Duk wannan yana da nauyi yanzu fiye da da, saboda inda gwamnati ta dosa. Hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, ƙarƙashin Kashifu Inuwa Abdullahi, tana da burin kashi 70 cikin 100 na 'yan Najeriya su zama masu ilimin amfani da na'ura nan da 2027, kashi 95 kuma nan da 2030. Ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023 don horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani, ofishin shugabar ma'aikatan tarayya, Didi Walson-Jack, ya sa ƙarshen 2025 a matsayin wa'adin barin aiki da takarda a ma'aikatu. Wajen zaɓen manyan sakatarori ma an sa gwajin iya kwamfuta tsakanin rubutacciyar jarrabawa da ganawar baki da baki, wanda abu ne mai kyau, sai dai yana samun mutum ne bayan ya kusa shekara 30 a aiki, wasu na buɗe masa imel.

Tambayar da ke kan kashi 95 ɗin nan ita ce da me za a auna. In adadin waɗanda suka halarci horo za a ƙirga, ko satifiket ɗin da aka raba, za a kai adadin kafin lokaci. In tambayar mutane za a yi ko sun iya, an ga abin da Ostiriya ta samu. Hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ITU, ta ɗan gyara salon tambayar. Maimakon ta ce yaya iyawarka, sai ta ce a wata ukun da suka wuce ka kwafi fayil daga wuri zuwa wuri? Ka tura saƙo da fayil a maƙale? Ka sa lissafi a jadawali? Wannan ya fi, domin tuna abin da ka yi ya fi sauƙi a kan yanke wa kanka hukunci. Amma har yanzu bakin mutum ake bi, ogan da kofa ke maƙala wa fayil kuma zai amsa da e da zuciya ɗaya.

Akwai wani ɓangare na binciken Dunning da Kruger da masu jifa da shi ba sa kawowa, alhali shi ya fi shafar masu shirya horo. Sun ɗauki wasu daga cikin masu raunin nan suka ba su ɗan gajeren darasi a kan mantiƙi, sannan suka ce su sake duba aikinsu na farko. Da suka koya, sai suka rage makin da suka ba kansu, domin yanzu suna ganin kurakuran da da ba sa gani. Wato horon da ya yi aiki yana iya sa mutum ya fito yana jin bai kai yadda ya zata ba. Yanzu a dubi yadda ake rufe bitar kwana uku a otal-otal na Abuja: an ci, an sha, an kalli majigi, babu wanda ya taɓa madannai sai mai gabatarwa, a ƙarshe a raba fom a tambayi mahalarta ko yanzu sun fi jin ƙarfin gwiwar amfani da kwamfuta. Kowa zai ce e, rahoto ya tafi sama cewa an yi nasara. Malamin da ya zaunar da mutum 20 a gaban na'ura 20, ya bar su suka yi ta ɓata jadawali suna gyarawa har suka gane yawan abin da ya rage musu, in da wannan fom ɗin za a auna shi, shi ne zai fito da maki mafi ƙasa, kuma da wuya a sake ba shi kwangilar horon baɗi.